Man Gyaɗa a Salkar Yaya

Ranar Laraba ce, ana daf da saukar damina, ƙarfe huɗu na yamma, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Gangara. Mu uku ne a tsakar gida: ni da na zo hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Damagaram, da yayana, da goggonmu.

Yaya zai kora shanunmu wajen makiyaya, arewa da Belbeji. Kwana biyu ne tsakanin rijiya da rijiya, ruwan shansa kuwa duk a salka ɗaya, fatar akuya da goggo ta jeme ta ɗinke. Shafa mai kaɗai ya rage, shi ne aikin da ta ba ni da safe. Man shanun da ta ajiye ya yi mini wari, sai na ɗauko man gyaɗa. A ganina duk ɗaya ne.

Goggo ta cika salkar ta rataye a reshen aduwa. Ba a jima ba ƙasa ta jiƙe.

"Me ka shafa mata?"

"Man gyaɗa, Goggo. Ya fi tsabta."

"Tsabta! Ɗan lakwal, ƙosai za mu soya?" Ta matse fatar da yatsu biyu. "Taɓa ka ji. Bawon albasa."

Ta ce man gyaɗa ba ya daskarewa, ratsa fata yake, ta saki, nauyin ruwa ya miƙe ta har ta sirance. Man shanu da kitse kwanciya suke a ƙofofin gashi, fatar ta yi kauri. In kuma kitsen ya yi yawa salka ba ta gumi, ruwan ya yi zafi kamar na jarka.

Yaya yana kallon ƙasar da ta jiƙe. Da goggo ba ta gwada ba, a daji zai gane.

Aka ɗage tafiyar. Goggo ta wanke fatar da toka, ta kwana da ita cikin ruwan bagaruwa. Da ta sha iska, goggo ta narka kitsen tunkiya kashi ɗaya, man shanu kashi biyu, ta shafa da tafin hannu. Ranar Juma'a muka sake ratayewa. Jikin salkar ya yi danshi, ƙasa kuwa a bushe. Na tsuguna na shafa yashin don in tabbatar.

"Malam, daga yau naka magana ce kawai," in ji Yaya, yana dariya.

Ya tashi ran Asabar bayan sallar asuba. Ya isa rijiya ta biyu da sauran ruwa kamar ƙwarya guda.