Ranar da Aka Sauke Ni Daga Motar Kibiya

Duk lokacin da muka haɗu, mu tsofaffin ma'aikatan filin jirgin saman Kano, ko a wurin ɗaurin aure ko a wurin ta'aziyya, ba a tashi daga hira sai wani ya jawo maganar Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi a birni. Kowa da inda yake a ranar. Mai duba jakunkuna zai ce yana tsaye a bakin na'ura ya ji gilasan tagogi sun girgiza. Na hasumiya zai ce shi daga sama ya riƙa hango hayaƙi yana tashi nan da can. Masu shara su ce a kan kujerun fasinja suka kwana, ba ci ba sha. In aka zo kaina sai in ce ina hanya. In an matsa, in ce ina hanyar gida. Ba na son faɗin sauran a cikin taro, don in na fara muryata tashi take yi, ga shi yanzu ina fama da hawan jini.

Ni ɗan kwana-kwana ne a filin jirgi. Aikinmu mu zauna a shirye kusa da titin jirgi da motocinmu na kashe gobara, ko da wani zai sauko da matsala. Kakinmu shuɗi ne mai duhu, da tambari a kafaɗa, da bel mai faɗi, da manyan takalma. Wanda bai sani ba, in ya hango ni daga nesa zai iya ɗauka ɗan sanda ne. Amma a Kibiya, garinmu, babu wanda bai san aikina ba, har yaran da ke tallan gyaɗa a tasha.

Ta yaya ma za su kasa sani? Da zarar lokacin aikin hajji ya zo, ni ne namu na filin jirgi. Maniyyatan Kibiya da na Rano, har na Zurgu da Yalwa, kowa da lambar wayata a aljihu. Ni ne mai nemo wa tsofaffi ruwan zafi a sansanin alhazai, ni ne mai nuna wa 'yan rakiya inda za su tsaya a jikin waya su ga tashin jirgi, ni ne mai bin sawun jakar da ta ɓata. Ba aikina ba ne ko kaɗan. Kakin ne yake buɗe ƙofa, ni kuma ban taɓa yi wa mutumin garinmu rowarsa ba.

Cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyarsa akwai wani Alhaji mai bas, da ke jigila tsakanin Kano da Rano da Kibiya. Shekarar da ya sauke farali, babbar jakarsa ta tsaraba ta maƙale, har ya fitar da rai. Na bi ta ofis-ofis, na sha kallon banza a wurin manya, sai da na ɗora masa ita a mota da hannuna. Ranar ya riƙe ni a gaban jama'a ya ce daga yau ni ɗansa ne. Tun daga nan, in na zo tasha, kujerar gaba tawa ce.

Amma wanda ya fi kowa son kakin nan shi ne Babana. Manomi ne, dawa da gyaɗa ya sani, bai taɓa shiga jirgi ba. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki ya kafa mini doka: in zan zo gida, da kaki zan zo. Lokacin yana gani, sai ya sa ni a gaba mu bi majalisa-majalisa muna gaisuwa, ina jin kunya shi yana jin daɗi. Da tsufa ya cinye masa ido, sai ya koma gane ni da hannu. In na yi sallama na durƙusa, zai miƙo hannu ya laluba kafaɗata har ya taɓa tambarin, sannan ya yi dariya ya ce, "Ɗan jirgi ya sauka." Ya daina kiran sunana gaba ɗaya.

A safiyar Juma'ar nan Yayata, wadda take jinyarsa, ta kira ni. Ta ce jikin Baba ya rikice, ya daina karɓar ko da kunu, kuma ni yake ta tambaya. Ta ce in da hali kada in kai gobe. Na sami ogana, ya ce in jira mai karɓata ya zo bayan sallar Juma'a, sannan in tafi. Na tsaya na sayi magani da lemon zaƙi, don shi kaɗai Baba yake iya tsotsa, na zuba a jakata. Ban sauya kaya ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Wurin Baba za ni.

Bayan la'asar na isa tashar da ke hanyar Zariya, na tarar motar Alhaji ce a kan layi, saura kaɗan ta cika. Ya sa aka tashi wani daga gaba aka ba ni wurin, yaron mota ya jefa jakata a but. Duk 'yan gida ne a ciki, maza a gaba mata a baya, yadda aka saba tun zuwan Shari'a. A bayana daidai akwai maƙwabcinmu mai shagon taki, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Baba. Ya tambaye ni mai jiki, na ce wurinsa za ni, ya ce Allah ya sa kaffara ne.

Mun fito daga tasha, ba mu gama fita gari ba, muka ji ƙarar farko. Na san ƙarar fashewar taya, na san ta tukunyar gas, wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Kafin mu gama salati ta biyu ta tashi, sai harbi ya biyo baya. Mutane suka watse daga bakin titi, masu kayan miya suka bar tirensu. Alhaji ya taka mota. Wayoyi suka fara ƙara a ko'ina, kowa yana amsawa yana faɗa wa na kusa da shi abin da ya ji.

Mai shagon taki ne ya sauke wayarsa ya ce, yadda kowa zai ji, wai masu kaki ake nema. Wai maharan suna yawo a kan babura, duk motar da suka leƙa suka ga mai kaki, ba sa barin kowa a cikinta. Ban juya ba, amma na san ni ake kallo.

Muna wuce gidajen ƙarshe na gari, Alhaji ya gangara gefen titi ya tsaya, bai kashe mota ba. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri ka sauka."

Na ce, "Alhaji, ni ne fa."

Ya ce, "Na san kai ne. Su ne ba su sani ba."

Na ce in don riga ce, ga ta. Na ɓalle maɓallai na cire ta, na zauna daga ni sai singileti. Mai shagon taki ya ce ai wandon da takalman ma sun isa su tona asiri. Na juya na ce to wani ya ara mini riga in ɗora a kai. Ranar Juma'a ce fa. Rabin mazan da ke motar nan da babbar riga suke a kan kaftani, Alhaji da kansa riga biyu ce a jikinsa. Babu wanda ya motsa. Wani dattijo daga tsakiya ya ce in aka kama ni da rigar aro za a ce su suka ɓoye ni, abin ya fi muni. Na ce to in kwanta a ƙarƙashin kujera, a ɗora mini buhu. Wata mata daga baya ta ce, "Ku ji tsoron Allah, ubansa ne ba lafiya." Mijinta ya daka mata tsawa.

Alhaji ya miƙa hannu ta gabana ya buɗe mini ƙofa da kansa. Na sauka. Ƙafata tana taɓa ƙasa ya ja mota, na bi ta ina dukan bayanta saboda jakata, ko waiwaye ba a yi ba.

Waɗanda suka tayar da bama-baman nan, na bar su da Allah, kuma ban yafe ba. Sun kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, a ranar Juma'a, suna kiran sunan addini. Amma su ba su san ni ba. Waɗannan da ke cikin mota sun san ni, sun san ubana, sun san ɗakin da yake kwance. Tsoro kam ban ga laifin kowa ba, ni ma a tsorace nake. Maganar rigar ce har yau ta kasa wuce mini. Mutanen da suka cika motoci suka tafi birni suna kabbara ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, mutanen da ba sa rasa sahun farko, a ce a cikinsu an rasa mai cire riga ɗaya ya miƙa wa ɗan maƙwabcinsa. Wannan abin ya ƙona mini rai, kuma yana ƙona mini har gobe.

Na tsaya a bakin titi da rigar kaki a dunƙule a hammata. Motoci suna fitowa daga gari a guje, ina ɗaga hannu, direba ya dubi wandona da takalmana ya ƙara wuta. Na nemi Yaya a waya, layi ya cushe, kira ba ya shiga. Sai na kama tafiya da ƙafa. Magariba ta riske ni a wani ƙauye na bakin hanya, inda na ji an ce sojoji sun rufe titi, ba shiga ba fita. Limamin garin ya dube ni sama da ƙasa bayan an idar da salla, bai tambayi ko sunana ba. Ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar jallabiya ya ce in sa, ya sa aka kawo mini tuwo, ya ce in kwana a masallaci.

Da gari ya waye ya haɗa ni da wani mai babur da ke kai tumatir, wanda ya san hanyoyin cikin gonakin rani. Da shi muka ɓulla Bunkure, daga nan na sami wani zuwa Rano, wani kuma zuwa Kibiya. Hantsi ya yi sosai lokacin da na sauka a bakin gari. Na raɓa bayan wata kuka na cire jallabiyar, na warware rigata na karkaɗe ta, na sa, na ɓalla maɓallan har wuya. Na gyara tambarin kafaɗa da ya lanƙwashe, don kada Baba ya laluba ya ji shi a karkace.

Ina shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida. Mutane zaune jere, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Har an kai shi an dawo.

Mai shagon taki yana cikinsu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alhaji ma yana nan, a kan tabarmar manya. Shi ya fara tasowa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Haka Allah ya ƙaddara." Na ce haka ne, ranar Baba ba ta wuce ranarta. Sai na ɗora masa jallabiyar da ke hannuna a kan nasa hannun, na faɗa masa sunan ƙauyen. Na ce, "In za ka koma Kano, ka tsaya ka miƙa wa limaminsu. Aro ya ba ni, kuma bai san ni ba." Ya karɓa. Ban tsaya an yi addu'a da ni ba, na shige cikin gida.

Yaya tana zaune a ɗakin Baba ita kaɗai, an naɗe shimfiɗarsa an jingine. Jakata tana nan a inda matashinsa yake. Na tambaye ta yadda aka yi ta zo nan.

Ta ce motar ta iso tun kafin isha'i. Baba ya san hon ɗin Alhaji, yana jin sa ya ce a tayar da shi zaune, a gyara masa hula. Can sai ga maƙwabcinmu ya yi sallama da jakar, ya ce wai na sauka a hanya don wani uzuri, ina nan tafe. Baba ya karɓi jakar ya shafa ta, ya ce a bar masa ita kusa da shi. An yanka masa lemon, ya ce a ajiye sai na zo.

Ta ce daga nan ya ƙi kwanciya. Duk wanda ya shigo dubiya ya durƙusa, sai Baba ya miƙa hannu ya laluba kafaɗarsa, in ya ji yadi ne kawai sai ya saki. Haka ya yi wa liman, haka ya yi wa ƙannena, har maƙwabcin da ya kawo jakar. Bayan sallar asuba ta matso za ta gyara masa bargo, ya kama tata kafaɗar, ya daɗe yana lalube. Ya ce, "Ɗan jirgin bai sauka ba?" Ta ce masa yana hanya. Bai ƙara magana ba.

Na durƙusa a gaban shimfiɗar da aka naɗe, a daidai inda na saba durƙusawa. Yaya ta dubi rigata, ta ga na ɓalla maɓallanta har wuya, sai ta juya fuskarta bango. Lemon yana nan a faranti yadda aka yanka shi, ya fara bushewa.