Zakanyar Ankul Lam

Ba zan faɗi sunana ba. Ba don kaina ba, ni kam na riga na sha kunyar duniya na ƙoshi, sai don mahaifiyata da har yau take zaune a layin da abin ya faru. Ku samari, musamman waɗanda Allah ya ba hannu mai iya aiki, da ku nake.

An kawo ni Manchester daga Kumasi ina ɗan shekara tara. Gidanmu a Moss Side yake, irin gidajen nan da ke manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa, a wajensa na gaji hannu. Tun ina yaro in ka ba ni ɗanyen siminti da ƙusa sai in fitar maka da fure. Ba na faɗa, ba na shaye-shaye, ba na fashin Islamiyya. Da ni iyayen unguwa suke yi wa 'ya'yansu gori.

Maƙwabcinmu na jikin bango wani tsoho ne mutumin Hong Kong, muna ce masa Ankul Lam. Ya daɗe yana sayar da soyayyen kifi da dankali kafin ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aiki a wani gari, ido kuma ya fara barinsa, sai dai ya ga duhun mutum ya gane shi da murya. Makullin gidansa na biyu a hannun mahaifiyata yake, Mma, rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin ɗinmu. Kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta buɗe ta leƙa, ta ga ya tashi lafiya. Da Sallah kuwa kwanonsa ake fara cikawa.

A falonsa akwai zakuna biyu na dutse, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne bai wuce girman kyanwa a zaune ba. Namijin ya taka ƙwallo, macen ta dafa ɗanta. Ya taɓa gaya mini cewa a ƙasarsu ba a raba su: namijin yana tsaron gida, macen tana tsaron mutanen gidan. Daga ƙofar gidan kakan matarsa aka ciro su, ita ta taho da su a jirgin ruwa. Duk safiya sai ya ɗora hannu a kan ɗan zakin nan ya gaida marigayiyar. Ina yaro abin dariya yake ba ni.

Da na samu uni, wato jami'a, a Birmingham, na kama flat a unguwar Aston, sai na samu aikin ƙarshen mako a wani shagon gyaran tsofaffin kayan Asiya. Kawunan mutum-mutumi na dutse, tulunan tangaran, allunan dutse masu rubutun Sinanci, dawakai marasa ƙafa, irin kayan da masu hali suke saya su ƙawata falo da lambu. Da Mma ta ji, sai ta ce ita dai kar in je ina wanke wa mutane gumaka. Na ce mata gyaran dutse ne kawai.

Mai shagon Baturiya ce mai gaskiya. Ita ta koya mini yadda ake cike tsaguwa, sannan a shafa ruwan shayi da toka da ƙasa har gyaran ya saje da tsufan dutsen. Amma duk abin da ta gyara sai ta rubuta wa mai saye a takarda cewa nan da nan sabo ne. Ni na ɗauki shayin da tokar, na bar mata takardar.

Farkon abin wasa ne. Na sayi wani sabon dodon dutse a kasuwar Lahadi, na ɗan fasa masa kunne, na shafe shi da shayi da kindirmo don gansakuka ta kama, na binne shi a bayan gidan wani abokina a Small Heath har sanyi ya wuce. Na tono shi na ɗauki hoto na sa a intanet, na rubuta wai kakana ma'aikacin jirgin ruwa ne ya bar mana. Wata mata ta saya, har tana yi mini godiya. Na ce a raina, to ni na tilasta mata? Daga dodo na koma kan zakuna, daga nan sai kawuna. Na daina zuwa lacca. In na ga dutse a titi ma lissafin shekarun da zan ɗora masa nake.

Ana nan sai na haɗu da wani dillali wanda ya fi ni iya shege. Kallo ɗaya ya yi wa kayana ya yi dariya, ya ce waɗannan na 'yan koyo ne, in ina so in zama mutum in kawo masa na gaske ko guda ɗaya. Wallahi kafin ya rufe baki falon Ankul Lam ya faɗo mini a rai.

Na zo hutu gida. Ranar da Mma ta raka tsohon wajen GP, wato likitan unguwa, a bas, na zare makullin daga ƙusa na shiga. Na ɗauki zubin zakanyar da roba, na yi mata hotuna ta kowane gefe. A Birmingham na zuba ta da garin dutse da gam, na yi sati uku ina ba ta launi. Duk wani tabo, duk wata tsaguwa, har baƙin hayaƙin da ke cikin kunnenta sai da na fitar. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, kuma ina faɗar haka ne ina jin ƙyamar kaina. Da ranar asibitinsa ta sake zagayowa, na shiga da zubina a jaka, na fito da ta gaske a jaka. Niyyata in an kwana biyu in dawo in ɗauke namijin.

Ga inda na yi wauta. Duk mutanen da na cuta da ido suke saye, don haka ido na yi wa aiki. Na ma ce ai tsohon ba ya gani, an gama. Na manta cewa shi ba kallon zakanyar yake ba, taɓa ta yake. Dutsen gaske yana da sanyi ko da an kunna hita, nawa kuwa ɗumin ɗaki yake ɗauka. Kan ɗan zakin, da hannaye suka shekara da shekaru suna shafawa, ya yi santsi kamar tsohuwar muciya. Nawa yana da kaushi.

Washegari da safe ya buga bango, alamar yana kira. Mma ta ce in je. Na tarar da shi zaune a ƙasa, hannunsa a kan zubin nawa. Bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta da sanyi. Ina ka kai ta?"

Na ce ban san zancen da yake yi ba.

Ya ce, "A layin nan hannu ɗaya ne zai iya wannan aiki. Ka dawo mini da ita, ba wanda zai ji, ko mahaifiyarka."

A lokacin zakanyar tana cikin jakata a ƙarƙashin gado, bango ɗaya ne tsakaninta da shi. Taku ashirin ya ishe ni. Amma sai na ɗaga yatsa na rantse da Allah ban taɓa ta ba, ni da aka koya wa nauyin rantsuwa tun ban iya wanka ba. Ya ce to, in tafi. Ran nan na hau jirgin ƙasa na miƙa wa dillali.

Ƙarshen mako 'yarsa ta zo ta ga halin da ubanta yake ciki, ta kira 'yan sanda. Wayata ta tona komai, har matar da ta sayi dodo. Dillalin ya ce bai san ni ba, zakanyar kuma ta riga ta bar ƙasar, har yau ba wanda ya san falon da take. Kafin a shiga kotu 'yar ta ƙwanƙwasa ƙofarmu ta ce ta zo karɓar makulli. Mma ta ciro shi daga ƙusa ta miƙa mata da hannu biyu, ba ta iya ɗaga kai ba.

Na yi shekara biyu a kurkuku. Ba zan cika ku da labarinsa ba, wuri ne da mutum yake da lokacin tuna komai dalla-dalla. Na koma salla, na yi kuka, na rubuta wa Ankul Lam wasiƙu na yayyaga, don na ga neman gafara irin wannan sai baki da baki. Duk zuwan Mma sai na tambaye ta shi, sai ta ce in dai yi ta addu'a, ta canza zance.

Ranar da aka sake ni, ko jaka ban ajiye ba na nufi ƙofarsa. Na ga an canza labule, ga keken yara a bakin ƙofa. Mma ta jawo ni cikin gida ta zaunar da ni, ta gaya mini abin da ta ɓoye. Bayan abin da na yi, tsohon ya daina buɗe wa kowa ƙofa. Masu kula da tsofaffi da council, hukumar gari, ta turo duk ya kore su, ya ce ba mai sake shigar masa gida. Ita kuma Mma kunya ta hana ta ko ƙwanƙwasawa. Wata rana cikin sanyi ya faɗi a matakala, ƙugunsa ya karye, nesa da bangon da yake bugawa. Kwana biyu yana kwance a wurin. Sai da ta ga kwalaben madara sun taru a ƙofa ta kira motar asibiti, aka fasa ƙofar. Bai yi sati a asibiti ba ya cika.

Ta ce, "Sama da shekara goma ina leƙa shi kowace safiya. Kwana biyun nan ina nan a kicin ina dafa shayi."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Yanzu ina aikin gini, ina ɗora bulo kamar mahaifina, kuma na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Amma ku ji ni da kyau. Ƙarya ta farko ita ce mai sauƙin bari, kar ku ce wasa ne, kar ku ce ba wanda ya ji ciwo. Amanar da aka ba iyayenku ba taku ba ce, kar ku taɓa ta. In kuma kun riga kun yi, aka ba ku dama ku mayar, ku mayar nan take, ko da kunya za ta kashe ku. Ni an ba ni wannan dama, da murya mai taushi, na ƙi. Haƙƙin mutum sai shi ya yafe, wanda zan roƙa kuwa an binne shi ina kulle.