Bugu Ɗaya na Chebo Zorrilla

Eusebio Zorrilla, wanda duk garin Consuelo ke kira Chebo, ya yi shekara goma sha tara yana cin abinci da sandar besbol, kuma a cikin shekarun nan ya sa rigar ƙungiya goma sha uku. Matarsa Yudelka ta ce da za a ɗinke rigunan wuri guda, da sun yi wa cocinmu labule har da saura. Ni ne Balbino mai aski. Tare muka taso da shi, ni ne kuma na riƙe 'yarsa ta fari ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre. In na faɗi abin da bai yi masa daɗi ba, ya san inda shagona yake.

A bayan masana'antar sukari muka koyi wasa, da murfin kwalba da ƙotar tsintsiya. Murfin kwalba ba ya tafiya a miƙe, rawa yake yi a iska, wanda kuwa ya iya dukansa babu abin da ba zai kai wa sanda ba. Chebo ya iya. Ya iya har abin ya yi yawa.

Doka ta ce in mai jifa ya kauce hanya sau huɗu, kai kuma ka riƙe sandarka ba ka kai duka ba, sai a ba ka zangon farko kyauta, ka taka a hankali kamar mai zuwa kasuwa. A wurinmu wannan kyauta abin kunya ce. Masu zuwa daga Amurka neman yaran da za su ɗauka ba sa hawo jirgi don su ga yaro ya tsaya yana kallon ƙwallo. Tsofaffinmu na cewa mai jiran kyauta a gonar rake zai tsufa. Saboda haka Chebo ya taso yana dukan komai, ta sama da ta ƙasa, har da wadda ta nufo kunnensa. Na taɓa ganin ya buga wadda ta riga ta daki ƙasa ta taso, ya kuma aika ta bayan katanga.

Haka aka ɗauke shi yana ɗan shekara sha bakwai, haka kuma aka yi ta sallamarsa. A ƙananan ƙungiyoyin Amurka masu jifa suka gane shi cikin sati biyu: ba sai ka ba shi ƙwallon kirki ba, jefa ta ko'ina, zai bi ta. Koci bayan koci suna ce masa ya yi haƙuri, shi kuma yana cewa to. Daga nan sai Meziko, sai wani gari a Kanada inda ya ce sanyi ya hana gashinsa tsiro, sai Italiya, sai Meziko kuma. Duk lokacin da ya dawo hutu yakan zauna a kujerata da sabuwar hula.

"Compadre, wannan karon wace ƙasa ce ta gaji da kai?"

"Yi askinka, sarkin surutu. Kai ko San Pedro da ke nan kusa ba ka zuwa sai an yi rasuwa."

A Taiwan aka yi masa magani. Wani tsohon koci, wanda ba su da yare ɗaya da za su yi magana da shi, ya ƙwace sandarsa har sati uku. Kullum sai ya tsayar da shi a gaban mai jifa hannu rabbana, aikinsa kawai ya ɗaga yatsa in jifar mai kyau ce, ya girgiza kai in ba ta da kyau. Chebo ya ce ranar farko har kuka ya yi a banɗaki. Amma ya dawo wani mutum daban. Ya koyi tsayawa, ya koyi karɓar kyauta, kuma abin mamaki sai darajarsa ta tashi. Yana da shekara talatin da huɗu, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, wata ƙungiya ta babbar gasar Amurka da 'yan wasanta suka ƙare a asibiti ta kira shi don ya cike mata watan ƙarshe.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa taka babbar gasa ana rubuta sunansa a littafi, a gabansa kuma a rubuta yawan bugun da ya ci, wato wanda ya kai shi zango da ƙarfin sandarsa. Na farko har tsayar da wasa ake yi a ɗauke ƙwallon a ba shi ya kai gida. Kyauta kuwa ba bugu ba ce, ko sau ɗari aka ba ka. Muna da misali a gari: Don Ciriaco, wanda ya je shekara talatin da suka wuce, ya yi kwana goma sha biyu, ya dawo da sifiri. Dattijo ne mai mutunci, yana da shagon gyaran kekuna, amma har yau a bayan idonsa Ƙwai ake ce masa, saboda sifirin nan. Chebo ya san wannan watan ne kaɗai zai samu. Babu mai kiran ɗan talatin da biyar.

Sau goma sha ɗaya aka tura shi ya buga. Biyar aka ba shi kyauta, shida aka fitar da shi. Manajansa yana ta yaba masa, mu kuwa a nan kamar mu ci babu. Wayar shagona ce wayar unguwa, a nan yake kiran mahaifiyarsa, Doña Prudencia, kuma ba ta iya magana a hankali.

"Eusebio, yawon shan iska na haife ka ka je yi? Sandar nan da suka ba ka ta dogarawa ce?"

Da ta miƙo mini wayar sai na ji muryarsa ta yi sanyi. "Compadre, ido yana gani, hannu ne ya manta. Ina tsaye ina auna ƙwallo har ta wuce."

"To ka daina aunawa mana, ba gwal kake saya ba."

Ranar Lahadin ƙarshen watan da rana aka yi wasansu na ƙarshe. Ni kaɗai ke da farantin kama tashoshin waje a layinmu, don haka shagon da ke ɗaukar mutum shida ya ɗauki arba'in. Na ba Doña Prudencia kujerar aski, ta hau da carbinta. Yudelka ta tsaya a bakin ƙofa ta juya wa talabijin baya, ta ce ita ba za ta kalla ba, a riƙa gaya mata. Don Ciriaco ya zo da kujerarsa daga gida, ya zauna a gaba.

Har zagaye na bakwai cikin tara Chebo yana kan benci yana cin 'ya'yan kabewa. A na takwas, ana cin ƙungiyarsa da ɗaya, sai muka ga ya tashi yana zaɓen sanda. Shago ya ɗauki ihu.

Mai jifar wani dogon yaro ne da ya gaji. Ta farko ta yi sama. Ta biyu ta yi waje. Ta uku sai da mai cafewa ya yi tsalle. Chebo bai motsa ba.

"Me ake ciki?" in ji Yudelka.

"Uku ba kyau," na ce. "Saura ɗaya a ba shi kyauta."

"Wayyo, kar su ba shi!"

Kocin da ke tsaye a gefen fili ya shafa hula, ya shafa ƙirji, ya ja kunne. Don Ciriaco ya yi tsaki. "Sun ce kar ya kai duka. Suna son mutum a kan zango."

"Su waye suka ce?" Doña Prudencia ta miƙe zaune. "Su suka yi naƙudarsa?"

Ta huɗu ta zo daidai tsayin hularsa. Ko makaho ya san kyauta ce. Chebo ya kai mata wani irin duka da sai da ya juya sau ɗaya da rabi kamar katantanwa, bai ko shafe ta ba. Kamara ta nuna manaja ya dafe kai. Mu kuwa muka tashi muna tafi kamar an ci kofi.

"Ɗana ya dawo!" in ji tsohuwa.

Ta biyar ya taɓa ta, ta fita gefe ta faɗa cikin 'yan kallo. Yanzu kuskure ɗaya ya rage a fitar da shi, don a na uku ake fitar da mutum. Ta shida ta taho ƙasa-ƙasa, can waje, inda sai da tsintsiya ake kai wa. Chebo ya miƙa jiki kamar mai ciro guga daga rijiya, bakin sanda ya same ta, sandar ta tsage biyu, ƙwallo ta gangara a hankali wajen mai tsaron zango na uku. Mutumin ya rugo, ya sunkuya, ta shiga safar hannunsa, ta sake fitowa ta faɗi. Kafin ya tsince ta Chebo ya isa zangon farko, yana haki kamar jakin da ya hau tudu.

Muka fara ihu. Don Ciriaco ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ba a rubuta ba tukuna."

Sai muka tuna. Akwai mutum ɗaya da ke zama can sama da alƙalami. In ya ga dama ya ce bugu ne. In ya ga dama ya ce mai tsaro ne ya yi kuskure, shi ke nan, sifiri na nan daram.

"Ni ma haka tawa ta gangara," in ji Don Ciriaco, idonsa a kan talabijin. "Aka ce kuskure."

Shekara talatin muna tsokanar mutumin nan, babu wanda ya taɓa jin wannan. Muka zuba ido, ana jiran a nuna allon sakamako. A daidai nan aka ɗauke wuta.

Ba zan maimaita abin da Doña Prudencia ta faɗa da carbi a hannunta ba. Muka kwasa a guje zuwa kantin magani, inda suke da janareto da nasu farantin, mutum arba'in, ni da almakashi a aljihu, wani da rabin aski tun safe. Ko da muka isa an shiga zagaye na tara. Allo ya nuna ƙungiyar Chebo tana da bugu bakwai.

"Bakwai! Ɗazu shida ne!"

"Ƙarya kake, bakwai ne tun zagaye na biyar."

"Kai da ba ka iya ƙirga 'ya'yanka ba?"

Mai kantin ya ce shi yana auna wa wata maganin tari, bai kalla ba. Masu sharhi suna ta Turancinsu, babu mai ji a cikinmu. Wasa ya ƙare, aka ci su, aka sa tallar mota.

Muka koma shagona muka kewaye waya, don ita ba ruwanta da wuta. Awa biyu. Na yi ƙoƙarin ba da labarin dariya, Yudelka ta ce in na sake buɗe baki za ta yi mini aski da kwalba. Rana na shirin faɗuwa wayar ta yi ƙara. Tsohuwa ta riga kowa.

"Eusebio, kar ka gaishe ni. Sun rubuta?"

Muka ga ta rufe ido, ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora wayar a cinya. Sai ta ce, a hankali, karon farko a rayuwarta: "Sun rubuta. Ƙwallon tana aljihunsa."

Yudelka ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna a kan bokitin shara. Don Ciriaco ya ɗauki wayar ya ce, "Yaro, Ciriaco ne. Ka kyauta." Ya miƙo mini, ya naɗe kujerarsa ya tafi gida. Tun ranar ban ƙara jin an kira shi Ƙwai a shagona ba, wanda ya gwada kuwa da kunne ɗaya zai fita.

"Compadre, manaja fa?" na tambaya.

"Ya ce ban ga alamar koci ba ne? Na ce masa ido ya tsufa."

Kafin Kirsimeti suka sallame shi, kamar yadda kowa ya sani za a yi. Ya ƙara shekara biyu a Meziko, gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo ya buɗe gidan kaji a hanyar Hato Mayor. Ya yi tumbi, furfura ta fito, duk sati biyu yana zuwa in rage masa ita. An daɗe kafin na yi masa tambayar da ke cina, wata ranar Talata da babu kowa a shago, reza tana kan maƙogwaronsa don kar ya yi mini ƙarya.

"Tsakaninka da Allah, compadre. Bugu ne ko kuskure?"

Ya jira na ɗaga rezar.

"Kuskure ne mana. Ko kakata za ta cafe wannan ƙwallon. Bayan wasa na hau sama na nemi mai rubutun, wani tsoho ne da ya haura saba'in, yana tattara takardunsa. Na tsaya a ƙofa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da ɗan yarenmu na Sifaniyanci da ya iya, ƙwallon ta zo da wuya. Na ce, ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, da wuya sosai."

Ya gyara zama ya rufe ido.

"Ka rage gefen nan, kullum sai ka bar shi ya fi ɗayan."