Baba Fanka da Butar Shayinsa

Da safe yakan share gaban shagonsa, ya haɗa da na mai walda da ke kusa, wai ƙura ba ta san iyaka ba. Sai ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukudirebobi, ya cika butar shayi da ruwa. Baba Fanka ke nan, mai gyaran kwamfuta na layinmu. Sunan ya samo shi ne saboda ba ya buɗe kwamfuta sai ya kara kunne ya ji yadda fankarta ke juyawa. A ƙarshen watan nan zai rufe shago, kuma kunya ta ishe ni, don shekara da shekaru muna wuce shi da "sannu da aiki" kawai.

Yawancin masu zuwa wurinsa irin mutanen nan ne da suka sayo kaya ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa kwamfuta da hannunsu a gida, suka danna maɓalli, ta yi musu shiru. Za ka gane su tun daga nesa: sun rungumo akwatin kamar mai ɗauke da mara lafiya, kai a sunkuye.

Yayana yana cikinsu. Tela ne, bai taɓa riƙe abin da ya fi keken ɗinki rikici ba. 'Yarsa ta fari tana koyon zanen gine-gine, tana bukatar babbar kwamfuta, sai ya bugi ƙirji ya ce shi zai haɗa mata. Ya yi ta kallon bidiyo a waya har ya gama. Ranar kunnawa ya tara mu a falo. Yarinyar ta danna, fanka ta juya, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Aka sake, haka. Sai ta ce a hankali, "Baba, da ka bari an sayo haɗaɗɗiya." Ba da rashin kunya ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ranar Yaya ko abinci bai ci ba.

Washegari na raka su shagon. Yaya ya so ta zauna a gida, ta ce kwamfutarta ce. Baba Fanka ya saurari fankar, ya cire murfi, ya leƙa. Na ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya, sannan ya kau da shi.

"Wa ya jera wayoyin nan?"

"Ni ne," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ai na gani, ɗinki ne wannan. 'Yata, zo ki riƙe min kofi, ruwan nan ya kusa tafasa." Har ya juya sai ya ce, kamar wanda ya tuna wani abu maras muhimmanci, "Maigida, kafin in dawo, bi duk abin da ka soka ka danna shi. Waɗancan 'yan sandunan da ake kira ram ba yadin siliki ba ne, suna son ƙarfi, sai ka ji ƙas."

Ya ja yarinyar can ƙuryar shago yana tambayarta yadda ake zana matakala. Yaya ya ɗora babban yatsa a kan sandar, ya danna da tsoro, ya sake dannawa. Ƙas. Ashe hannun tela ne ya cuce shi, ya lallaɓa ta bai zaunar da ita ba. Da suka dawo da shayi, Baba Fanka ya ce, "Ni ban taɓa komai ba tukuna. Gwada mu gani." Ta danna, allo ya kawo haske. Ta dubi ubanta ta ce, "Baba, kai ka gyara?" Yaya sai gyaran hula yake ta yi.

Bayan haka na fara tambaya, sai na ga kowa da nasa labarin shayin. Mai kemis ya manta ɗan makunnin da ke bayan akwati. Wata malamar makaranta ta soka wayar allo a ramin da ba nata ba. Dukansu suka ce daidai lokacin da ya gano matsalar ne ya tafi duba buta. Mu kuwa muna ta yi masa tsiya cewa ya fi mai shayi shan shayi.

Kai ne, Baba Fanka, ka san cewa wanda ya kawo maka kwamfutar da ta ƙi tashi ya riga ya sha kunyarsa a gida, ba ya bukatar ƙari. Kai ne mai gani ya yi kamar bai gani ba.

Abin da ya sa zai rufe shagon bai gaya wa kowa ba. Yaya ne ya gani. Ya koma shagon a sa wa kwamfutar ƙarin fanka, sai ɗan noti ya suɓuce daga hannun Baba Fanka. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Yatsun suna rawa. Dattijon ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tawul, ya kasa ɗaga ido. Yaya ya ce ya rasa inda zai sa kansa, sai ya miƙe ya ce, "Baba, ruwan nan kamar ya tafasa." Ya je ya tsaya gaban butar da ko kunna ta ba a yi ba, ya juya baya, har sai da ya ji an ɗaure notin.

Na nemi izinin Yaya da na Baba Fanka kafin in rubuta wannan. Baba Fanka ya ce, "Rubuta. Amma ka ce tela ne ya gyara tasa."

Na faɗa, Baba. Mun gode, Allah ya ba hannuwan nan hutu da lafiya. Ku kuma masu gyara, da duk wanda ya iya abin da wani bai iya ba, in an zo muku kai a sunkuye, ku nuna wurin, sannan ku tashi ku duba buta.