Shuɗin Layi a Gonar Kawu

"Wa ya ba su izini?" Kawu Sale ya daka mini tsawa, yana dangwalar wayata da yatsa.

Bikin suna za mu Tsauni a kan moto, wato babur, ni kuma na buɗe taswira a waya don in burge shi. Ashe a kan tafiyar ƙafa take. Shuɗin layi ya taso daga Matameye, ya ratsa tsakiyar gonar geronsa. Da kukoki biyu da ke cikinta ya gane ta a hoton.

Na ce, "Kawu, zane ne kawai, ba hanya aka fitar ba."

"Haka burtali ke farawa! Yau zane, gobe shanu. Ta da moto, wurin mai gari za mu."

Nan take na danna alamar mota. Layin ya yi tsalle ya koma gefe.

"Yanzu gonar wa ya bi?"

"Gefen ta Malam Idi, maƙwabcinka."

Kawu ya gyara hula, ya koma ya zauna.

"To, bar shi nan. Ashe abin yana da hankali."

Tun ranar kullum sai ya aiko in duba ko layin ya dawo.

Jama'a, in sanar da Malam Idi, ko in ja bakina in yi shiru?