Albam ɗin da na gwada sifika da shi

Sifika nake saye a Guangzhou ina turawa Kano. A wannan harka ba ma karɓar kaya sai mun zaro biyar ko shida daga kwali, mun ƙure musu murya mun ji.

A benen da nake haya a unguwar Dengfeng akwai wani bature ɗan ƙasar Sabiya, makaɗin ganga. Wata rana ya tura mini albam ɗin ƙungiyarsu a waya. Ya ce a situdiyo suka yi shi, kiɗan fank ne irin na gareji. Na yi godiya, ban saurara ba.

Ranar karɓar kaya a wata masana'anta a Panyu, na ce bari in gwada da albam ɗin baturen nan, kiɗan turawa ya fi nauyi. Ina kunnawa jita ta kama ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Na sauya sifika, haka. Ta uku ma haka.

Na ce wa mai masana'antar, lawban kamar yadda ake kiran maigida a can, "Lawban, wannan sharar za ka ɗora mini?"

Ya kira matar da ke duba kaya kafin a rufe kwali, wata dattijuwa mai tabarau. Ta ce, "Meyo, meyo," wato babu matsala, ta miƙo wayarta a gwada da tata waƙar. Na ture hannunta. Na ce wa lawban ko ta bar teburin duba kayan nan, ko in kai cinikina wani wuri. Ya yi mata tsawa a gaban ma'aikata, ita kuwa sai goge tabarau take yi.

Da na koma gida na tarar da baturen a ƙofa, na ba shi labari. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Abokina, sifikarka lafiya lau take! Kwana uku muka yi muna neman wannan ƙazamin sautin. Haka ake so."

Na sa abin kunne na saurara. Ƙarar tana nan, a cikin waƙar take.

Lambar lawban tana wayata. Ban kira ba. Tsoro nake kada labari ya kai ga 'yan Maraɗi da muke cin abinci tare, su ce ɗan Kano bai san sifika ba.

Bayan mako biyu na koma. Na gwada da kiɗan gida, na ce yanzu kam an gyara. Wata ce daban a teburin. Na tambaya, lawban ya ce waccan ya sallame ta, ta koma garinsu.

Na sa hannu na karɓi kayana. Ko a ranar ban gaya masa gaskiya ba.