Ɓeran da Malam Ya Saki

Jiya jikata Hadiza, mai aikin binciken magani, ta zo gidana a unguwar Malali ta miƙo mini wayarta. A ciki na ga wata 'yar tsoka ja tana matsewa tana saki.

Ta ce, "Kaka, zuciyar ɓera ce. Da ita muke gano abin da ke gajiyar da zuciyar mutum."

Ciwon nan ne fa ya ɗauke maigidana Malam, kakanta.

Shi kuwa, bawan Allah, bai taɓa kashe ɓera ba. Wata safiya, ƙafafu a kumbure, yana haki, ya ɗauko ɗaya a bokiti zai kai bayan katanga ya saki.

Na ce, "Haba Malam, wanda ya cinye mana masara?"

Ya dafa bango ya huta, ya ce, "Ke dai bari. Allah bai yi halittar banza ba."

Na yini ina yi masa mita. Yau ga maganarsa ta fito, ba shi nan balle in ce ya yi gaskiya.

Allah Ya haskaka kabarinka, Malam, Ya sa ɓeran nan na Hadiza ya zama sanadin warkewar mijin wata.